Turi ɗaya, jeri biyu: ɗa nawa ake ci a dara?

Yau ba maganar tsadar hatsi ko ta ruwan famfo na zo da ita ba, maganar dara ce. Na san wani zai ce, haba malam, ana cikin wannan hali kai kana zancen wasan ƙasa? A yi haƙuri a karanta. Ƴar tambayar da zan kawo ta riga ta shiga tsakanin mutanen kirki, kuma in ba a tsayar da amsarta ba za ta ɓata wata gasa da matasan unguwarmu ke shiryawa tsakanin fadoji a hutun nan.

Ga tambayar. Mutum ya tura ɗansa sau ɗaya, turin nan ya rufe masa jeri biyu lokaci guda, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye. Ɗa ɗaya zai ci, ko biyu?

Saboda yaranmu da suka fi sanin ludo na cikin waya, bari in tuna yadda abin yake. Ana share ƙasa a yi gidaje 30, layi biyar, kowane layi gida shida. Kowa na da ƴaƴa 12, wannan ya ɗauki kara, wancan ya ɗauki tsakuwa. Da farko ana kafi, ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa ni in sa, kuma a lokacin kafi an hana jera uku. In an gama, ƴaƴa 24 na ƙasa, gida shida kaɗai ya rage babu kowa. Daga nan sai turi: gaba, baya, dama ko hagu, gida ɗaya tak, ba a tsallake, ba a bin karkace. Duk wanda ya jera uku a miƙe sai ya cire ɗan abokin wasansa guda, shi ne ci. Jerin huɗu ba ya ci. Wanda ƴaƴansa suka koma biyu ya faɗi, tunda ba shi da abin jera uku. Ke nan kafin ka kada mutum sai ka ci masa goma.

Jeri biyu a turi ɗaya ba kullum yake faruwa ba, shi ya sa mutane da yawa suka tsufa suna dara ba su taɓa zama sun yanke masa hukunci ba. Sai da ƴaƴa biyar yake yiwuwa, kuma siffarsa biyu ce kawai. Ko dai ya zo kamar kusurwar ɗaki, ɗan da aka tura ya zauna a bakin kwanar, biyu a gefensa, biyu a ƙasansa. Ko kuma ya zo kamar harafin T na boko: ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, biyu a ƙasansa, shi kuwa ya sauko daga sama ya cike tsakiya. Ku riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta, don a nan maganar take.

A fadarmu akwai dattijai biyu da suka fi shekara talatin suna zama tabarma ɗaya bayan la'asar. Ɗaya tsohon tela ne, haifaffen Birni, mu duka Baba muke ce masa. Ɗayan malamin lakol ne da ya yi ritaya, ɗan Zango, har yau Mushe ake kiransa. Ba kuɗi suke sawa ba, Allah ya kiyaye, wanda ya faɗi dai shi ke sayen sukarin shayi. Wata ranar Alhamis, mutane sun taso daga kasuwar Dole fada ta cika, wasa ya yi zafi, Baba na da ƴaƴa bakwai, Mushe na da takwas. Sai Mushe ya sauko da karansa ya rufe T. Ya miƙa hannu ya ɗauke tsakuwa ɗaya, ya sake miƙawa zai ɗauki ta biyu, Baba ya dafe masa hannu.

"Ina za ka kai ta?"

"Jeri biyu na yi, Baba. Ƙirga da kanka."

"Na gani. Turi nawa ka yi?"

"Ɗaya."

"To ɗaya ka ci. Taura biyu ba ta taunuwa."

Mushe ya ce shi tun yana yaro a Zango biyu ake ci, haka kuma ya tarar a garuruwan da ya yi koyarwa wajen Tanut. Baba ya ce shi a ƙofar gidan Sarki ya koyi dara wurin mutanen da suka girmi uban Mushe, bai taɓa ganin an ci biyu ba. To kun dai san mu, da an ambaci Birni da Zango magana ta bar kan dara. Wani daga baya ya ce ai dama ƴan Zango fatake ne, komai sai sun nemi riba biyu. Wani ya mayar masa cewa ƴan Birni kuma ko ƙasa suka faɗi sai su ce sarauta ce ta zaunar da su. Aka yi dariya, amma su biyun ba su yi ba. Mushe ya share gidajen da tafin hannunsa ya tashi. Wajen wata biyu ke nan, suna gaisawa, suna sallah sahu ɗaya, in an yi rasuwa tare ake ganinsu, amma ba su sake zama gaban juna da kara da tsakuwa ba. Mu da muke koyon wasa ta kallonsu mu muka yi asara, don duk unguwar babu mai hannunsu.

Tun ranar nake tambayar masu dara duk inda na gan su, a tasha, a bakin kasuwa, har Mirriya na tsaya wata Lahadi na tambayi wasu tsofaffi a gindin bishiya. Mafi yawa sun ce ɗaya. Amma masu cewa biyu ba su da kaɗan, kuma na lura yawancinsu mutanen da suka saba da dam ne, darar Bature ta kan allo mai gida 100 da ƴaƴa 20 kowane ɓangare. A dam ai ci da yawa a tafiya ɗaya shi ne daɗin wasan. Kana tsallake ɗa, in ka sauka ka ga wani a gaba ka sake tsallakewa, uku, huɗu, har ma doka ta tilasta maka bin hanyar da ta fi yawan ci. Wanda hannunsa ya saba da haka, in ya rufe jeri biyu aka ce ɗaya zai ɗauka, gani yake an danne masa haƙƙi. Hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa lada gwargwadon wahala: jera ƴaƴa biyar su haɗu a gida guda, abokin wasa yana kallo bai gane ba, ya fi jeri ɗaya wuya nesa ba kusa ba, don me za a biya su kuɗi ɗaya? Wanda ya yi sakaci har aka gina masa wannan tarko a gabansa, in ji su, ya cancanci dukan biyu.

Na ji wannan, na kuma girmama masu faɗarta. Amma ni ina bayan Baba, kuma ba don shi ɗan Birni ba ne.

Dalilina na farko lissafi ne. Goma ake ci a gama wasa. In turi ɗaya ya ɗauke biyu, kashi ɗaya cikin biyar na wasan ya tafi a numfashi guda. Duk mai dara ya san ratar ɗa biyu a tsakiyar wasa da wuya a dawo daga gare ta, don wanda ya ragu ba ƴaƴa kaɗai ya rasa ba, ya rasa masu gadi, fili kuma ya ƙara buɗe wa abokin gabansa.

Dalili na biyu shi ne doki. Ai dara ta riga ta tanadi hanyar kai hari a kai a kai, ba sai an ƙirƙiro wata ba. Doki shi ne ka sami biyu a layin sama, biyu a layin da ke ƙarƙashinsa, ɗa na biyar yana hawa yana sauka a tsakaninsu. Ya sauka ya rufe jeri, ka ci. Ya hau ya rufe jeri, ka ci. Kowane turi da cinsa. Saboda girman wannan dabara ne a wasu wurare wasan gaba ɗaya ake ce masa doki, kamar yadda Zabarmawa ke ce masa dili. Amma ku lura da adalcin da ke ciki: tsakanin ci da ci, abokin wasanka yana da nasa turin. Lokacin da dokinka ya sauka, gidan sama ya zama kango. In mutum ya yi dabara ya ajiye ƴaƴa biyu a maƙwabtan gidan nan, kai ɗaya kaɗai za ka iya cirewa, na biyun sai ya faɗa ciki ya toshe, doki ya mutu a tsaye. Na sha ganin Baba ya yi wa mutane haka, har su rantse sun gama da shi, sai dara ta ci gida. Wannan kariyar tana aiki ne kawai saboda ci ɗaya ake yi a turi.

Yanzu mu koma kan T ɗin nan. Ku zana ta a ƙasa ku gani da idonku. Ɗan tsakiya ya koma sama inda ya fito, gidan tsakiya ya zama babu kowa. Wa zai shiga ya toshe? A dama naka ne, a hagu naka ne, a ƙasa naka ne, a sama kuma ɗan da ka janye ne ke zaune. Duk ƙofofi huɗu a hannunka suke. Abokin wasanka ba shi da hanyar shiga ko ta ina, sai dai in ya samu ya rufe nasa jerin ya cire maka ɗaya. To in aka ce biyu ake ci, kowane fita da dawowa ɗa biyu ne, daidai da abin da doki ke ci a turi biyu, ga shi kuma ba a iya toshe ta. Ke nan T ta fi doki. Ranar da aka yarda da haka babu mai sake wahalar ɗaure doki, kowa T zai nema tun daga kafi, wasan kuma ya koma tseren wa zai riga cike gidan tsakiya. A dokar ci ɗaya kuwa, T tana nan da ƙarfinta, ba a toshe ta, amma tafiyarta rabin ta doki ce, mai kare kansa yana samun turi biyu kafin kowane ci. Kowace dabara da amfaninta da kuma farashinta. Masu cewa lada gwargwadon wahala, ga ladan nan: ka sami jerin da ba a iya rufe masa ƙofa. Bai isa ba?

Abin da ya ƙara zaunar mini da wannan ra'ayi daga wani wuri ya zo da ban zata ba. Ɗan yayata da ke karatu a Kanada ya zo hutu da wani kwali cike da ƴan mutum-mutumin roba, ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, su Spider-Man, Hulk, Batman, jaruman nan da yara ke gani a fim. Na ɗauka kayan wasan ƙannensa ne. Ya ce a'a kawu, manya ke yinsa, har gasa ake shiryawa da alƙalai. Sunan wasan HeroClix, wani kamfanin Amurka mai suna WizKids ya fito da shi a 2002. Ana shimfiɗa takarda mai gida-gida kamar ta dara, kowane jarumi yana tsaye kan wani faifai mai juyawa da lambobi a jiki: saurinsa, ƙarfin harinsa, kariyarsa, da yawan raunin da yake yi. In za ka kai hari sai ka jefa ƙwayar ludo biyu, ka haɗa abin da ya fito da lambar harinka, in ya kai lambar kariyar wancan, ka same shi. Sai a murɗa faifansa gwargwadon raunin, lambobinsa su canza, har ya mutu a cire shi.

Ina jin haka na ce, to tsaya ɗana, in jarumi ɗaya ya auna mutum biyu fa? Ya yi dariya ya ce kawu ai ka taɓo inda su ma suke yawan gardama. Ya nuna mini wata ƴar alama kamar walƙiya a jikin faifan. Mai walƙiya biyu yana iya harbin mutum biyu a hari ɗaya, mai uku mutum uku. Jifa ɗaya ake yi, a gwada ta da kariyar kowannensu. Amma raunin ba ya ninkuwa. In ƙarfinka uku ne ka sami mutum biyu, ukun nan za ka raba musu, wannan biyu wancan ɗaya, ba kowa uku ba. Akwai kuma wasu jaruman masu wata baiwa ta dukan kusa sau biyu a jere, su kuma kowane duka da tasa jifar, na farko yana iya samu na biyu ya kuskure.

Na ce ikon Allah. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Damagaram ba, sun zauna da takarda da alƙalami sun iso inda tsofaffinmu suka iso da kara da tsakuwa. Hari ɗaya, mudu ɗaya, ko mutum nawa ya taɓa. In kana son mudu biyu sai ka sake kai hari, kuma harin na biyu yana iya ɓaci. Wancan na farko shi ne jeri biyu a turi ɗaya, na biyun kuma ɗan uwan doki ne.

Sai dai akwai inda suka fi mu, kuma ba wayo ba ne, rubutu ne. Su suna da littafin doka, in an sami wurin da magana ta yi harshen damo kamfanin ya fito da gyara, kowa ya karanta. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su zauna su yi wasa, in sun saɓa a buɗe takarda ko a kira alƙali, magana ta ƙare ba wanda ya zagi unguwar wani. Mu dokarmu a kan tsofaffi take, kowane tsuntsu kuma kukan gidansu yake yi. Muddin ɗan Birni da ɗan Birni ke wasa babu matsala. Ranar da aka haɗa fada goma daga unguwa biyar, ga baƙi daga Magarya ko Matamaye, ranar za a gane cewa dara ba ɗaya ba ce.

Ba kuma sai mun je Amurka neman misali ba. Kokowa ma da can kowane gari da yadda yake ƙirga kaye. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975 aka bi ta da doka da alƙalai, yau ga jihohi takwas suna haɗuwa neman takobi, ana gardama kam, wani lokaci har da zafi, amma akwai abin da ake komawa gare shi. Rubuta doka bai kashe kokowar ƙauye ba, bayan girbi ana nan ana yi yadda aka saba. Haka nake so a yi wa dara. Kowace fada ta ci gaba da nata a gida, wanda ya je baƙunci ya tambaya kafin a kafa ɗan farko, ba sai hannu ya kai kan tsakuwa ta biyu ba. Amma ranar gasa takarda ɗaya.

Na ce kafin a kafa ɗan farko, don a ganina abin da ya ɓata wa dattijan nan rai ba dokar ba ce, lokacin da aka tayar da ita ne. In aka yi tambayar ƙasa tana share, kowa zai faɗi ra'ayinsa da sanyin zuciya, tunda bai san wa za ta amfana ba. In aka bari sai T ta rufe, duk wanda ya buɗe baki an san ɓangaren da yake karewa, mai gaskiya ma sai a ga kamar son kai ne. Mushe ba macuci ba ne, abin da ya taso da shi ya yi. Baba ma haka. Jama'ar da ke tsaye a kansu su suka mai da abin na Birni da Zango.

Matasan da ke shirya gasar sun zo sun same ni, na ba su shawarar su rubuta abin da aka riga aka yarda da shi tukuna: gida 30, ƴaƴa 12, ba jerin uku a kafi, huɗu ba ya ci, wanda ya taɓa ɗa shi zai tura, ƴan kallo kuma su kama bakinsu, wannan ta ƙarshen ma ta fi sauran wuyar aiki a garin nan. A kan jeri biyu sun ƙirga hannu a tsakaninsu, ci ɗaya ya yi rinjaye, sun rubuta. Lokacin sallah in ya yi a rufe gidajen da faranti a tashi, wannan ba a yi musu a kai ba.

Saura guda da ta gagare su, kuma ita ma za ta iya tayar da ƙura ranar wasa. In ka tashi ci, kana iya cire ɗan da ke zaune cikin jerin uku da abokin wasanka ya riga ya rufe, ko jerin da ya rufu ya zama haramun sai an nemi na waje? A fadarmu ana cirewa. Wasu da na tambaya a Mirriya sun ce su ba sa taɓa shi. Abin ba ƙarami ba ne, don in an hana, mai T ya zauna cikin kagara, ƴaƴansa biyar babu mai taɓa su duk lokacin da take rufe. Ni na fi son a bari a cire, saboda dalilin da na faɗa a sama, a bar wa wanda aka matsa ƙofar fita. An ajiye takardar wurin mai shayin fadarmu, an bar layin nan babu rubutu har ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da wakilan sauran fadojin za su zo. Dattijan Garin Malam da na Sabon Gari da suka san hannunsu a dara, don Allah a zo da wuri, a kuma taho da tabarma, tamu ba za ta isa ba.